Katako, Haske da Ɗan Launi: Yadda Yanayin Ɗaki Ke Samuwa a Gidajen Tsakiyar Ƙarni na 20

Idan aka ambaci salon gidajen tsakiyar ƙarni na 20, wato salon da ya bunƙasa a Amurka da arewacin Turai daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne launuka masu ɗaukar ido: kujera ruwan goro, labule ruwan ɗorawa, firji shuɗi mai sirkin kore. Masu sayar da kayan ɗaki na yau ma da waɗannan launuka suke tallata salon. Amma duk wanda ya tsaya ya ƙare wa fitattun ɗakunan wancan zamani kallo zai lura cewa launi mai kaifi bai cika mamaye wuri mai yawa a cikinsu ba. Mafi yawan abin da ido ke sauka a kai katako ne da farin bango da dutse da gilashi, kuma natsuwar da mutum ke ji a ɗakin daga waɗannan take fitowa, tare da irin hasken da aka bari ya sauka a kansu.

Kowane launi yana da fuska uku, kuma sai an rarrabe su kafin maganar ta fito fili. Akwai jinsinsa, wato ja ne ko kore ko shuɗi. Akwai matsayinsa tsakanin haske da duhu. Sannan akwai cizawarsa, wato ko ja wur ne ko kuwa ja ne da aka kashe masa kaifi da toka ko ruwan ƙasa. Fuska ta biyu ce ta fi tasiri a kan yanayin ɗaki, domin ido yana fara rarrabe haske da duhu kafin ya tantance jinsin launi. Hujjar wannan tana cikin hotunan da suka yaɗa salon a duniya. Shahararren hoton da Julius Shulman ya ɗauka a 1960 na gidan Stahl, wanda Pierre Koenig ya zana a kan tsaunin da ke kallon Los Angeles, baƙi da fari ne: mata biyu zaune a falon gilashi mai haske, fitilun birni kuma shimfiɗe a ƙasansu cikin duhun dare. Babu launi ko ɗaya a hoton, amma yanayin ɗakin bai ɓace ba, saboda an gina shi ne a kan jerin haske da duhu.

Gidan Stahl ɗaya ne daga cikin gidajen gwaji da John Entenza, editan mujallar Arts & Architecture, ya ƙaddamar da shirinsu a 1945 don nuna yadda za a gina wa iyalai gidajen zamani da kayan masana'anta. Na takwas a jerin shi ne gidan da Charles da Ray Eames suka gina wa kansu a Pacific Palisades a 1949, kuma a nan ne ake ganin rabon launi ƙarara. Daga waje, ƙarafan ginin baƙaƙe ne, sun raba bango gida-gida, mafi yawan gidajen gilashi ne ko fari, sai ɗaiɗaiku da aka cika da ja ko shuɗi ko ruwan gwal. Ray Eames ta koyi zane a hannun Hans Hofmann kafin ta shiga harkar kayan ɗaki, kuma hannun mai zane ya bayyana a yadda ta tsakaita waɗannan launuka. Da mutum ya shiga ciki, sai ya tarar da wani yanayi dabam. Dogon bangon falon, wanda tsayinsa ya kai hawa biyu, an lulluɓe shi da katakon wani nau'in bishiyar turare mai launin zuma, hasken da ke shigowa kuma ya riga ya ratsa ganyen bishiyoyin turaren da ke jere a gaban gidan. A kan wannan shimfiɗa mai ɗumi ne ma'auratan suka baza dardumai da littattafai da tsirrai da kayan wasan yara da suka tattaro daga ƙasashe daban-daban. Launukan suna da yawa, amma kowanne ƙanƙani ne, kuma katakon ne ke riƙe da su duka.

Gidan da ya kai wannan dabara maƙura, a ganina, shi ne gidan Miller da ke Columbus a jihar Indiana, wanda aka kammala a 1957. Eero Saarinen ne ya zana ginin don J. Irwin Miller, shugaban kamfanin injuna na Cummins, Alexander Girard kuma ya tsara cikinsa. Saarinen ya miƙa wa Girard fili kusan fari fat: bangon farin mabul, daɓe mai haske, ginshiƙan ƙarfe 16, da layukan tagogin rufi da ke zubo hasken rana daga sama ba tare da inuwa mai kaifi ba. Irin wannan wuri yana iya zama kamar asibiti idan aka bar shi haka. Girard bai taɓa bangon da fenti ba. Ya tattara launi a wurare ƙalilan: a dardumai, a wata doguwar kanta mai tsawon kimanin mita 15 da ya cika da littattafai da kayan fasahar gargajiya, sai kuma a ramin hira, wato wani murabba'in wuri da aka nutsar a tsakiyar falo aka kewaye shi da kujera, aka jibge shi da matasai jajaye da masu ruwan hoda da ruwan goro. Tsarin ya yi kama da aiki a jikin babbar riga, inda zaren ke taruwa a wuya da aljihu, sauran yadin kuma a bar shi fili don aikin ya fito. Abin da ya fi burgewa shi ne ana sauya rigunan matasan da na kujerar gwargwadon lokacin shekara, masu cizawa da ɗumi a lokacin sanyi, masu haske a lokacin zafi, ta yadda yanayin falon gaba ɗaya ke juyawa ba tare da an ɗaga buroshin fenti ba. Girard ya san abin da yake yi: shi ne ya jagoranci sashen yadudduka na kamfanin kayan ɗaki na Herman Miller daga 1952 zuwa 1973, ya zana yadi sama da 300, kuma shi ya kawo wa kayan ɗakin Amurka launukan kasuwannin Meziko da Indiya a lokacin da masu zanen zamani da yawa ke tsoron duk abin da ya wuce toka da ruwan madara.

A gidajen masu matsakaicin hali, waɗanda ba su da kuɗin mabul, katako ne ya ɗauki nauyin. Joseph Eichler ya gina gidaje sama da 11,000 a Kalifoniya, kuma bangon cikin da yawa daga cikinsu falankin katakon lawan ne na Filifin, mai ja-ja, rufin kuma katako ne da ake ganin azarorinsa. Daga Denmark kuma kujeru da tebura na katakon tik suka kwararo, musamman bayan baje kolin fasahar ƙasashen Sikandinabiya da ya zagaya Amurka da Kanada daga 1954 zuwa 1957. Shi katako, ko tik ne ko walnat, yana zaune ne a tsakiyar ma'aunin haske da duhu, bai kai baƙi ba bai kuma kusa fari ba, don haka yana zama gada tsakanin farin rufi da baƙin ƙarfe ko baƙar fata, ido ya sauko daga wannan zuwa wancan a hankali. Yadda ake gama shi ma yana da tasiri. Kafintocin Denmark sun fi shafa wa katako mai ko sabulu maimakon fenti mai ƙyalli, saboda haka yana shanye haske ya mayar da shi a tausashe.

Wannan katako ne ke bayyana dalilin da ya sa wasu launuka suka yi ta maimaituwa a zamanin. Mai zane Josef Albers, wanda ya bar Jamus a 1933 bayan rufe makarantar fasaha ta Bauhaus, ya koyar a kwalejin Black Mountain sannan a jami'ar Yale a Amurka, ya kwashe shekaru yana nuna wa ɗalibai cewa launi ɗaya yana iya bayyana kamar launuka biyu idan aka sauya maƙwabcinsa, kuma a kan haka ya gina littafinsa na 1963 game da cuɗanyar launuka. Tik ruwan goro ne da aka kashe da ruwan ƙasa, kishiyar ruwan goro kuwa a da'irar launuka ita ce shuɗi mai sirkin kore. Idan aka ɗora kushin mai wannan launi a kan kujerar tik, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa kaifi, katakon ya ƙara ja, kushin ɗin ya ƙara sanyi, ɗakin ya farka. Rawaya mai duhu da koren zaitun aikinsu akasin haka ne: danginsu ɗaya da katakon, matsayinsu a ma'aunin duhu ma kusan ɗaya, don haka suna nutsewa cikinsa su kwantar da ɗakin. Mai tsara ɗaki a lokacin yana zaɓe ne tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, kuma gwanaye sukan ba hanya ta biyu fili mai faɗi, ta farko kuma kusurwa ɗaya.

Gilashi ya kawo wata matsala da tsofaffin gidaje ba su sani ba. Idan bango guda ya zama taga daga daɓe zuwa rufi, to launin waje ya shigo ɗaki ke nan, kuma shi ne zai fi kowane launi faɗi. Ludwig Mies van der Rohe ya bi wannan tunani har ƙarshensa a gidan Farnsworth da ke Plano a jihar Illinois, wanda aka gama a 1951: farin ƙarfe, daɓen dutse ruwan madara, katako mai haske a tsakiya, labulen siliki mara rini. Ra'ayinsa shi ne kada launin gida ya yi gogayya da launin halitta, a bar wa bishiyoyi da kogi su sauya ɗakin daga koren bazara zuwa jan kaka zuwa farin ƙanƙara. Tunanin yana da kyau da rana. Da dare kuwa gilashin yana rikiɗewa ya zama baƙin madubi, na ciki ba ya ganin waje, na waje yana ganinsa sarai, kuma ita Dakta Edith Farnsworth da aka gina wa gidan ta fito fili ta koka da zama a cikinsa. Abin da ya sa ke nan labule mai faɗin bango ya zama babban wurin launi a gidajen gilashi na talakawa, domin da magariba ta yi shi ne ke maye gurbin lambun da ya ɓace.

Daga nan maganar fitila ta taso, kuma mutanen Denmark ne suka fi kowa zurfafa tunani a kanta, ba don komai ba sai don a tsakiyar Disamba hasken rana a Copenhagen bai wuce awa 7 ba. Kwan fitila mai zare na wancan zamani yana ba da haske mai ɗumi, wajen 2,700 a ma'aunin Kelvin da ake auna launin haske da shi, mai yalwar ja da rawaya. Poul Henningsen ya ƙera fitilar PH5 a 1958 da faifai hawa-hawa da ke ɓoye kwan ta kowace kusurwa, har ya shafa wa wasu ƙananan sassan cikinta ja da shuɗi don gyara launin hasken da ke fitowa. Mutumin da ya kai ga yi wa cikin fitila fenti ya fahimci cewa launin bango ba a gwangwanin fenti kaɗai yake ba. Isamu Noguchi ma ya fara ƙera fitilun Akari a garin Gifu na Japan a 1951, da takardar gargajiya da gora, masu tace hasken lantarki ya fito a tausashe. Irin waɗannan fitilu ana rataye su ƙasa-ƙasa a kan tebur ko a ajiye su a gefen kujera, sai ɗaki ya kasu zuwa tsibiran haske da inuwa a tsakaninsu, kuma inuwar tana cikin tsarin kamar yadda hasken yake.

Su mutanen arewacin Turai ba su guji launi a bango ba, sai dai sukan kashe masa kaifi. Finn Juhl ya yi wa rufin falon gidan da ya gina wa kansa a Ordrup a 1942 fenti rawaya mai haske, don hasken da ya tashi daga waje ya dawo ƙasa da ɗumi ko da sama ta yi toka. Ɗaki mai lamba 606 a otal ɗin SAS Royal na Copenhagen, wanda Arne Jacobsen ya kammala a 1960, shi kaɗai aka bari a siffarsa ta asali, kuma yana nuna wata hanyar: kore da shuɗi masu sirkin toka a bango da kujeru, tare da falankin katakon wenge mai duhu a kewaye. Launukan masu sanyi ne, amma da yake duk suna kusa da juna a ma'aunin haske, babu wanda ya tsone ido.

Luis Barragán na Meziko shi ne ke neman rushe duk abin da aka faɗa zuwa nan, tunda a gidansa na unguwar Tacubaya, wanda ya gina a 1948 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, bango guda yana iya zama ruwan hoda mai cizawa daga sama har ƙasa. Sai dai idan aka duba da kyau, shi ma da haske da inuwa yake aiki. Ranar birnin Meziko tana da ƙarfin da ke koɗar da launi mai rauni, don haka sai mai kaifi ke iya tsayawa a gabanta. Ya kuma taƙaita tagogi, ya bar bangon da kaushi, ya sa baƙo ya fara ratsa siririn soro mai hasken rawaya dishi-dishi kafin ya fito gaban bangon ruwan hodan, wanda hasken da ke zubowa daga sama ke fantsama launinsa a kan fararen bangayen da ke kusa. Ruwan hodan da ya zauna daram a Tacubaya zai yi nauyi a ƙarƙashin gajimaren Copenhagen, koren Jacobsen kuma zai mutu a ranar Meziko.

Akwai wani ɓangare na zamanin da labarinsa ya sha bamban, wato kicin da banɗaki na sababbin unguwannin bayan gari a Amurka. A Levittown ta New York kaɗai an gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, ƙanana, masu kama da juna, mafi yawa don sojojin da suka dawo daga yaƙi. Ƙaramin ɗaki yana son launi mai haske don ya yi kamar ya faɗaɗa, mai gidan da ya yi kama da na maƙwabci kuma yana son abin da zai bambanta shi. Masana'antu sun amsa kiran. Fentin Kem-Tone da ake sirkawa da ruwa, wanda Sherwin-Williams ya fitar a 1941, tare da abin shafawa mai gungurawa, ya sa iyali na iya sauya launin ɗaki da kansu a yini guda. Ruwan hoda ya samu karɓuwa ta musamman bayan Mamie Eisenhower ta sa riga mai wannan launi a bikin rantsar da mijinta a 1953, har ya cika banɗakuna da tayil da baho, ga shi kuma yana mayar wa fuska haske mai kyau a madubi. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanoni irin su General Electric da Frigidaire suka fara sayar da firji da murhu masu launin rawaya da kore da ruwan hoda maimakon fari. Formica, wanda mu ma muka sani a jikin gadaje da kabad na amare, ya shimfiɗa zanensa mai lanƙwasa a kan tebura da kantocin girki. A nan launi ya mamaye fili sosai, amma da yake duk an sirka shi da fari, matsayinsa na haske ɗaya ne, shi ya sa kicin mai launi uku bai cika hargitsa ido ba. Kasuwanci ma yana ciki dumu-dumu. Brooks Stevens, wanda kamfaninsa ya zana wa Formica wancan zane a 1950, shi ne ya yayata a 1954 aƙidar sa mai saye ya yi sha'awar sabon kaya kafin tsohon ya lalace, kuma farin firji ba ya tsufa a ido kamar yadda mai ruwan hoda ke yi.

A Birtaniya yunwar launi ta fi tsanani, domin tsarin gwamnati na taƙaita kayan ɗaki ya ɗore daga 1942 zuwa 1952. Yadin labule na Calyx da Lucienne Day ta zana wa kamfanin Heal's don bikin baje kolin ƙasa na 1951 ya zuba rawaya da ja da baƙi a kan koren zaitun, wato launuka masu kaifi a kan ƙasa mai kwantar da su, kuma ya ci lambar zinariya a baje kolin Milan a shekarar.

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 rabon ya juye. Koren fiya da rawaya mai duhu sun hau firji da murhu, kafet mai dogon gashi ya rufe daɓe daga bango zuwa bango, falankin katako mai duhu, wanda sau da yawa kwaikwayo ne, ya rufe ɗaki ta kowane gefe. Launukan kansu ba baƙi ba ne, su ne dai waɗanda Girard da Day suka yi aiki da su. Abin da ya ɓace shi ne farin fili da ke ba su wurin numfashi, sai komai ya taru a matsayi ɗaya na duhu, ɗakin ya yi nauyi. Verner Panton ya bi ta wata hanyar a baje kolin Visiona na 1970 a Cologne, inda ya narkar da bango da daɓe da kujera cikin ja da shuɗi masu cizawa, wanda hakan fita ce daga salon gaba ɗaya.

Masu kwaikwayon salon a yau, tun bayan da littafin Cara Greenberg na 1984 ya yayata sunan da ake kiransa da shi, wato Mid-Century Modern, sukan dace da jinsin launi su kuskure sauran. Babban abin da ke karya su shi ne fitila. Farin kwan lantarki na zamani mai 5,000 zuwa 6,500 a ma'aunin Kelvin, idan aka manna shi a tsakiyar silin, yana zuba haske mai shuɗi-shuɗi daidai wa daida a ko'ina, ya kashe jan katako, ya mayar da rawaya mai duhu kamar ta yi datti, ya kuma share inuwar da aka gina ɗakin a kanta. Kayan ma sun sauya. Tik ɗin da ya shekara sittin ya ƙara duhu, walnat ya koɗe ya yi haske, don haka ɗakunan da aka adana ba su ne ainihin abin da masu su suka gani ba. Ita kanta kujerar hutawa ta Eames ta 1956, wadda aka san ta da baƙar fata a kan katakon rozwud na Brazil mai duhu da jijiyoyi baƙaƙe, ba a ƙera ta da wannan katako tun farkon shekarun 1990, kuma a 1992 yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe saboda bishiyar na neman ƙarewa. Sababbin da ake fitarwa yanzu na walnat ne da wasu katakai makamantansa, waɗanda tazarar haske tsakaninsu da baƙar fatar ta bambanta da ta asali.